Ƙarfen da zai shiga jikinka: a wanke, a wasa, a tafasa

Wanda ke bayan shanu, Allah ya ba da ciyawa. Wanda ke kan hanya da kaya, Allah ya kai lafiya.

Maganarmu ta yau a kan ƙarfe ce, ƙarfen da ke huda fata ya taɓa jini: askar wanzami, reza, filayar mai cire haƙori, almakashin yankan cibiya, da allurar da kake yi wa saniyarka. Kusan babu gidan da ɗaya daga cikin waɗannan bai shiga ba a bana.

Bari in faɗa muku abin da ya jawo maganar. Kwanan baya na raka baffana, ƙanin mahaifina, wata kasuwar kan iyaka. Dillalin shanu ne, kuma haƙori ya hana shi barci kwana uku. Muka sami mai cire haƙori a ƙarƙashin rumfa, ga tabarma, ga filaya biyu, ga kwanon ruwa a gefe. Mutum uku ne a gabanmu. Ina kallo ya cire wa na farko, ya tsoma filayar a kwano, ya goge da tsumma, ya kira na biyu. Kafin a zo kanmu ruwan kwanon ya koma kamar tsinkakken zoɓo.

Na ce, "Baffa, mu tashi." Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, ciwon ba a bakinka yake ba." Na tambayi mai aikin cikin ladabi, ya ce ai yana wankewa, kuma da safe ya shafa sifirit. Ban ga alamar mugunta tare da shi ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Da ƙyar na janye Baffa muka tafi asibitin gari. Ya biya fiye da abin da zai biya a rumfa, kuma har muka dawo gida yana yi mini mita. To a can ne na roƙi ma'aikacin ya nuna mini yadda suke yi da kayansu, daga baya na ƙara tambayar wasu ma'aikatan lafiya da malaman dabbobi. Abin da na samo shi na kawo muku.

Me ke kan ƙarfen?

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatarka ita ce bangon. Duk ƙarfen da ya tsaga ta, abin da ke jikinsa ya sami ƙofa.

Na farko ciwon hanta, mai nau'in B da mai nau'in C. Ƙwayar cutar nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye da rai a cikin busasshen jini a jikin aska. Ka ji fa: askar da aka yi aiki da ita ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, in ba a yi mata abin da ya dace ba, tana iya harbin wani ranar Alhamis mai zuwa. Kuma mai ɗauke da cutar yakan yi shekaru garau, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, shi kansa bai sani ba. Sai hanta ta gaji, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, a ce shawara ce ko sammu.

Na biyu ƙanjamau, wadda wasunmu ke kira sida. Ita ma jini na ɗaukarta daga wannan zuwa wancan.

Na uku tetanus, cutar da ke ɗaure muƙamuƙi ta sandarar da jiki. Da yawa na cewa tsatsa ce ke kawo ta. Ƙwayar tana zaune ne a ƙasa da cikin kashin dabbobi, shi ya sa maganar ta shafi mutanen ruga fiye da kowa. Wuƙar da ta faɗi a garke, aka ɗauka aka goge a riga aka yanke cibiyar jariri, ita ce hanyar. Bayan kwanaki jariri ya daina kama nono, jikinsa ya riƙa ƙagewa.

Kada wani ya ce ai sakacin ƙauye ne kawai. A ƙasar Masar, daga shekarun 1950 zuwa wajen 1980, hukuma ta yi ta yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya, tsargiyar nan da muka sani mai sa fitsarin jini. Niyya mai kyau ce. Amma sirinjin gilashi ɗaya ake ta juyawa tsakanin mutane ba tare da an tafasa shi yadda ya kamata ba. Ƙarshenta Masar ta zama cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in C ya fi yawa a duniya, miliyoyin mutane suka kamu. Sai da suka yi gagarumin aikin gwaji da magani, har a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba musu cewa sun kama hanyar kawar da shi. In allurar likita ta iya yin haka ga ƙasa guda, to ina ga filayar rumfa?

Mataki na farko: wanki

Wanki shi ne tushe. In jini ya bushe a jikin ƙarfe, yakan zama rufi ga ƙwayoyin cutar da ke ƙarƙashinsa, ko an zuba magani ba ya ratsa shi da kyau. Don haka da an gama aiki a wanke, kafin jini ya bushe.

Ka sami ruwa mai tsafta, mai sanyi ko mai ɗumi-ɗumi, da sabulu ko garin wanki. Kada ka fara da ruwan zafi, domin zafi na dafa jini ya manne shi kamar yadda ƙwai ke kama kasko. Ka ware tsohon burushin haƙori don wannan aikin kaɗai. Ka buɗe almakashi da filaya gaba ɗaya, ka goge mahaɗarsu da ƴan haƙoran bakinsu, don nan ne jini da tsokar dasashi ke maƙalewa. Ka riƙa gogewa a cikin ruwa, kada ya fantsar maka a ido. Sa safar hannu ta roba, ko da irin ta masu wanke-wanke ce, domin mai wankin ma yana iya yankewa. Daga nan ka ɗauraye, ka ɗaga ƙarfen a rana ka duba. In ka ga ɗigon baƙi ko ja, koma ka sake.

Ruwan wankin nan a haƙa rami a zuba, nesa da rijiya da wurin da yara ke wasa.

Mataki na biyu: wasi

Dakushasshiyar aska tana yage nama maimakon ta yanka. Mai aiki sai ya danna da ƙarfi, hannu ya zame, rauni ya yi faɗi, ya daɗe bai warke ba. Saboda haka kaifi ma yana cikin lafiya.

Amma ku lura da jerin. Ana wasa ƙarfe bayan an wanke shi, kafin a tafasa. In ka wasa shi da jini a jiki, ka shafa wa dutsen wasinka jinin, kuma duk askar da ta hau dutsen daga baya ta kwasa. In kuwa ka tafasa sannan ka wasa, ka mayar da aikinka baya.

Ka jiƙa dutsen da ruwa. Ka kwantar da aska ka ɗan ɗaga bayanta kaɗan, kada hannunka ya riƙa canza wannan karkatar. Yawan jan da ka yi wa gefe ɗaya, shi za ka yi wa ɗayan. Ka gama da dutse mai laushi, sannan ka goga a fata yadda wanzamai ke yi don cire ɗan gashin ƙarfen da ya rage a baki. Gwaji a kan takarda ake yi, ban da babban yatsa. Almakashi kuwa gefen karkatar bakinsa kawai ake wasawa, in ka ci cikinsa bakunan biyu ba za su ƙara haɗuwa ba. Bayan wasi a sake wankewa da sabulu, saboda garin ƙarfe da na dutse.

Akwai abubuwan da ba a wasawa. Reza aiki ɗaya take yi, mutum ɗaya, a yar. Allurar mutum da sirinjin roba haka nan. Filayar haƙori ba a wasa ta, sai dai a duba bakinta na haɗuwa daidai, mahaɗa ba ta girgiɗi. Filaya mai sako-sako ita ke karya haƙori ta bar saiwa a ciki. Duk ƙarfen da tsatsa ta ci har ya yi ƴan ramuka, kwanansa ya ƙare, domin burushi ba ya isa cikin ramukan.

Mataki na uku: zafi

A asibiti akwai tukunyar ƙarfe mai ɗaurarren murfi da ke dafa kaya da tururi, ana kiranta otokilaf. Wani Bafaranshe, Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, shi ya ƙera ta a 1879. Saboda tururin ba ya samun hanyar fita, zafinsa yana kaiwa digiri 121, alhali ruwan tukunyar gida ba ya wuce 100 ko ka ƙone itacen daji duka. Minti 20 ga kayan da ba a naɗe ba, minti 30 ga naɗaɗɗu. Wasu asibitocin kuma suna da tanda mai busasshen zafi: digiri 170 awa ɗaya, ko 160 awa biyu. Waɗannan su ke kashe komai da komai.

Wanda ke da tukunyar girki mai ɗaurarren murfi, wadda a ɓangaren Nijar ake ce wa kokot, ya kusanci wancan. A ɗora kayan a kan raga sama da ruwa, a fara ƙidaya daga lokacin da ta soma huci, a ba ta minti 30.

In babu wannan, sai tafasawa. Ga yadda ake yi:

Tukunya mai murfi, wadda aka ware don wannan aikin. A buɗe almakashi da filaya, ruwa ya rufe kayan gaba ɗaya. A rufe. Ƙidaya tana farawa ne daga lokacin da ruwa ya tafasa yana ɓulɓula, minti 20 cif. Waya na aljihunka, sa mata ƙararrawa. In ka tuna da wata aska ka jefa a tsakiya, ƙidaya ta koma farko. In lokaci ya cika, a tsame da cokali mai yatsu ko awartakin da shi ma aka tafasa, a sa a kwanon da aka tafasa, su bushe da kansu, a rufe. Kada a goge da tsumma, kada a bar su kwance cikin ruwan har ya huce, don tsatsa.

Tafasawar minti 20 tana kashe ƙwayoyin ciwon hanta da ƙanjamau da galibin masu sa rauni ya yi mugunya. Amma ƙwayar tetanus tana da wani ƙoƙo mai tauri da take shiga, tafasa ba ta cika gamawa da ita ba. Shi ya sa cibiyar jariri sai sabuwar reza daga cikin takardarta, kuma shi ya sa mai ciki ke karɓar allurar tetanus wurin awo.

Abubuwan da ke ruɗinmu

Sifirit yana da amfani wajen goge fata kafin allura. Amma shafa shi sau ɗaya a jikin ƙarfe mai jini bai wadatar ba, nan da nan yake bushewa, kuma ba ya kashe ƙoƙon tetanus. Wuce da aska ta cikin harshen ashana ko laita yana ƙona baki ne kawai, ya bar mahaɗa da mariƙi, ga baƙin hayaƙi, ga shi yana kashe kaifin ƙarfe. Fetur, kananzir, ruwan batir, toka, lemun tsami, duk babu mai yin aikin tafasa.

Ruwan zabel, wato bilic ɗin wankin kaya, yana da wurinsa: teburi, ledar shimfiɗa, roba, da wurin da jini ya zuba. Duba jikin kwalba. In an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, awo ɗaya na zabel a awo 6 na ruwa. In kashi 5 ne, ɗaya a 9. Kullum a haɗa sabo, a bar shi minti 10 a wurin sannan a ɗauraye. Kada a jiƙa ƙarfe a ciki a tafi, yana cin ƙarfe ya ɓula shi.

Ga masu dabbobi

Yanzu na juyo gare ku, Ardo da jama'arka. Yawancinku ku ne likitocin garkenku. Allura ɗaya takan zaga shanu talatin, daga mai lafiya zuwa marar lafiya, a dawo. Cututtukan da ke cikin jinin shanu suna bin allura kamar yadda suke bin kaska da ƙudan tsando. Kuma kumburin nan mai mugunya da ke fitowa a wuyan sa bayan allura, wanda ke karya masa daraja a kara, sau da yawa daga ƙazamar allura ne.

Fara da masu lafiya, ka bar marasa lafiya a ƙarshe, kuma su a ware musu tasu allurar. Kada ka mayar da allurar da ta shiga jikin dabba cikin kwalbar magani, sai ka lalata kwalbar duka. Ka bar sabuwa guda don zuƙo magani kawai. Allurar da ta lanƙwashe, ko bakinta ke kama auduga in ka ja ta a ciki, a yar da ita, don in ka miƙe ta tana iya karyewa a cikin nama.

Sirinjin ƙarfe irin wanda ake kwancewa, a kwance shi, a wanke, a tafasa minti 20. Wanda za a yi allurar rigakafi da shi kada a wanke shi da zabel ko sifirit, domin wasu magungunan rigakafin, kamar na ciwon huhun shanu, ƙwayoyi ne masu rai da aka raunana, ɗan ragowar zabel na iya kashe su, ka yi wa garke allurar banza. Wuƙar fiɗiya da ta tsaga kunne ita ma wanki, wasi, tafasa, kuma a yi aikin a wuri mai tsafta, nesa da kashi.

Sannan don girman Allah, allurar dabba ta dabba ce. Komai nisan asibiti, kada a yi wa mutum allura da ita.

Ga iyayenmu wanzamai

Sarkin Aska da jama'arsa, sana'arku gado ce, kun riga mu sanin ƙarfe. Ana cewa wanzami ba ya son jarfa, to abin da ba za ka so a sa wa ɗanka ba, kada ka sa wa ɗan wani. Ranar kaciyar yara goma, a tanadi sabon baki goma, kowane yaro da nasa. In aska ce ta gado, a sami da yawa, a tafasa su tun da safe, wadda ta yi aiki ta koma wani kwano daban har sai an sake yi mata hidima. Ƙaho yana da wuyar tsaftacewa saboda jini na shiga cikin tsagoginsa, kofin gilashi ko na ƙarfe da ake iya tafasawa ya fi. Batun cire beli kuwa, likitoci na hana shi gaba ɗaya, saboda zubar jini da cutar da ke biyo baya ga jariri. Ɗan kuɗin reza da itacen tafasa, a ɗora a kan ladan aiki. Mai hankali zai biya, kuma shi zai kawo maka wasu.

Abin da za ka yi kai da kanka

Kai mai tafiya, yau Jibiya, gobe Maraɗi, jibi Ƙonni ko Illela, sa fakitin reza a jakarka kusa da asuwaki. Kuɗin guda ɗaya bai kai na kofin shayi ba. In za a yi maka aski ko yankan farce, miƙa taka. In za a yi maka allura, a ɓare sirinjin a gaban idonka. In ka ga kwano ɗaya ake tsoma kayan kowa, tashi. Tambaya ba rashin kunya ba ce: "Malam, yaya ka tsaftace wannan bayan wancan mutumin?" Mai yin aikinsa daidai zai nuna maka tukunyarsa.

Haƙori kuwa, in da hali a je asibiti. In an riga an cire a wani wuri, sai ka ga kumburi na sauka ƙarƙashin haɓa, ko zazzaɓi, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, ko jini ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti a ranar, kada a jira kasuwa ta watse. Haka nan jaririn da ya daina kama nono bayan yankan cibiya ko beli.

Ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi, yana cikin alluran da ake yi wa jarirai a ƙasashenmu biyu, kuma babba ma na iya karɓa bayan gwaji. Nau'in C yanzu yana da maganin da ke warkar da shi. Wanda ya san an sha yi masa ƙaho ko allura a wurin da bai yarda da tsaftarsa ba, ya je a gwada jininsa.

Baffana dai har yau bai ce na yi daidai ba, kun san manya. Amma ranar kasuwar da ta wuce na ga ya zaro reza daga aljihun ƴar cikinsa ya miƙa wa mai aski, na kawar da kai kamar ban gani ba.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa wanda bai iya ba, a mashaya, a rumfar shayi, a cikin mota. Mai tambaya ya aiko mana, za mu kai wa ma'aikatan lafiya mu kawo amsa a shiri na gaba. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu.